Ƙofa Mai Kwaɗo Biyu

Bana ruwa ya yi jinkiri. Hadari sai ya taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, sannan iska ta kwashe shi ta yi arewa da shi, mu a bar mu da gumi. Jiya ina zaune a inuwar zaure ina fifita, sai na jiyo ƙas, ƙas, daga wajen tsohon kamfani, ƙarar sanda tana dukan ƙodago a kan siminti. Na ce a raina ashe yau Juma'a. Wannan ƙara da wannan zafi in suka haɗu, ba inda suke mayar da ni sai shekarar fara.

Garinmu yana bayan duwatsu, kafin ka shiga Dutsi. Sunan da kakanni suka sa masa yana nan, amma ko direba ka gaya wa ba zai gane ba sai ka ce Kamfani. Ina yarinya aka kawo kamfanin fasa dutse, lokacin da ake shimfiɗa kwalta. Sun ci dutsen nan har ya koma rami, mai zurfin da in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. Da titi ya ƙare suka kwashe abin da mota za ta iya ɗauka, suka bar mana sauran. Injin niƙa dutse ya tsaya nan ya yi tsatsa har ya koma ja. Akwai tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe, da tsibin tsakuwa da ya fi soron kowa tsawo, da wani faffaɗan daɓen siminti inda ake auna manyan motoci. Can gefe kuma, a cikin jikin dutse, akwai ɗakin da suke ajiye nakiya. Ƙofarsa ƙarfe ce, kwaɗonta biyu, kowane kwaɗo yana cikin wani aljihun ƙarfe da guduma ba ta kaiwa gare shi.

Amma abin da kamfani ya bar mana da ya fi ƙarfen daɗewa shi ne ƙwallon gora. Dama makiyaya suna buga ƙodagon goruba da sanda a daji, sai dai a kan yashi ba ya gudu. Leburorin kamfani ne suka gano cewa a kan daɓen nan, da tayoyi da garin dutse suka goge ya yi santsi, ƙodago sulalewa yake yi, ido ma da ƙyar yake bin sa. Suka sassaƙo sanduna masu lanƙwasasshen kai, suka kafa tsofaffin gangunan mai a matsayin raga, suka rabu biyu. Masu fasa dutse a ƙasa su ne 'yan rami, masu aiki a kan inji su ne 'yan inji. Kamfani ya tafi, rabon bai tafi ba. Ɗa yana gadon gefen ubansa, mace tana bin gefen mijinta, kuma ba a taɓa jin matar ɗan inji ta yi wa 'yan rami guɗa ba. Alƙalin wasa wani Ibo ne, tsohon makaniken kamfani da ya ƙi komawa gida ya buɗe shagon kayan babur. An ba shi usur ne don ba shi da ɗan'uwa a kowane gefe.

Ni Allah ya ajiye ni a tsakiya. Yayana, Yaya Haruna, wanda ke kirana Auta don ni ce ƙaramar gidanmu, shi ne shugaban 'yan rami. Maigidana kuwa, wanda ko yanzu da furfurata ba zan kama sunansa ba, shi ne shugaban 'yan inji. Mutanen nan biyu ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. In ɗaya ya ce rana ta faɗi, ɗayan zai ce a jira tukuna. Yaya mutum ne busasshe, mai kaifin baki, in ya ce a'a to an gama. Malam kuwa, maigidan nawa, ƙato ne mai taushin zuciya, a filin wasa kaɗai yake da mugunta.

Da aka kawo Shari'a, kwamiti ya zauna a kan wasan. Aka hana kiɗa da cacar da samari ke yi a gefe, aka ce wando ya rufe gwiwa, mu mata kuma aka ce mu ja baya. Sai muka hau saman tsibin tsakuwa da hijabanmu, inda ma muka fi ganin wasan sosai. Abu ɗaya ne kwamiti ya kasa hanawa, guɗar Asabe matar Yaya. In Yaya ya ci, sai ta saki wata guɗa da ramin nan ke amsawa ya maido da ita. Liman da kansa ya ce a ƙyale ta, murna da miji ba laifi ba ce.

To a shekarar farar nan, damina ta fara da kyau, gero ya yi kai, sai ruwa ya ɗauke. Muna addu'ar ya dawo, sai fara ta sauko daga wajen Nijar. Da hantsi ta zo, rana ta dusashe, muka fito da kwanoni muna bugawa, maza suna cinna hayaƙi. Ƙarar cinta har yanzu tana kunnena, kamar ana yayyafi a kan kwano. Abin da ta bari muka girba. Gidan da ya saba cika rumbu bai rufe ko gindinsa ba.

Bayan sallar Juma'a aka zauna a ƙofar mai gari. Wani tsoho da ya ga yunwar da ta gabata ya ce ba yunwar ce ta watsa garin ubansa ba. Mutane ne suka cinye irinsu a bazara, da ruwa ya sauka ba abin shukawa, sai kowa ya ɗaure kaya ya bar gari. Nan aka yanke shawarar kowane gida ya zaɓo zangarniyar da ta fi kyau cikin ɗan abin da ya samu, ya ɗaura mata alama, a kai ɗakin nakiya, kada a buɗe sai ruwan shuka ya sauka. Dokar kamfani ce tun farko makulli ɗaya ya zauna wurin shugaban rami, ɗaya wurin shugaban inji, don kada mutum ɗaya ya iya ɗibar nakiya. Bayan tafiyar kamfani makullan suka zauna a hannun shugabannin wasa, a ciki ma ake ajiye sanduna. Mutane suka yi dariya, dariyar ƙarshe da na ji an yi da yawa a shekarar, suka ce iri ya sami wurin kwana, don ranar da Haruna da surukinsa za su haɗa baki ba ta cikin kwanakin duniya. Aka fito da sanduna, aka shigar da iri, aka barbaɗa toka, aka rufe, aka shafe bakin ƙofar da laka. Kowannensu ya rataya makullinsa a wuya da igiyar fata.

Da rani samari suka tafi ci-rani, wasu Kano, wasu kudu. Mu muka fara da rage tuwo zuwa sau ɗaya, sannan tuwon ya koma kunu, kunun ya yi ta tsinkewa har kana ganin gindin kwano. Aka sayar da tumaki a kasuwar Zango a wulaƙance. Da bazara ta shigo muka koma kan dusa da busasshiyar tafasa. Anza, 'ya'yan itacen daji, muke jiƙawa kwana da kwanaki muna sauya mata ruwa, duk da haka ɗacinta sai ya kwana a maƙogwaro. Goruba muke dakawa mu dama garinta, yara su gwaigwayi abin da ya saura. Ƙodago dai bai taɓa yawa a garin nan kamar shekarar ba.

Zafi kuwa, tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ya rage sai ruwan da ke kwance a gindin ramin kamfani, kore, mai warin gansakuka. Hanyar sauka ta zube, mace ba ta iya bi da tulu. Sai mazan da suka rage suka jeru kullum da sassafe a jikin dutsen, 'yan rami daga ƙasa, 'yan inji daga sama, suna miƙa wa juna jarka hannu da hannu, mu muna karɓa a baki mu tace da mayafi. Suna yi suna tsokanar juna. Na ƙasa su ce na sama ba su iya komai ba sai karɓa, na sama su ce ai dama a rami aka san ku. Ba su fasa wasan Juma'a ba kuma, ko da yake gudun ya koma tafiya, mutum ya kai sanda ya tsaya yana haki. Da an tashi, kowa sai ya bi ta gaban ɗakin nakiya ya ga kwaɗo biyu a rufe, laka ba ta tsage ba, sannan ya tafi gida. Na daɗe ina mamakin mutanen nan, har yau kuma ban daina ba.

Autata Indo a lokacin ba a daɗe da yaye ta ba. Gashinta ya yi ja, cikinta ya kumbura, kuka ma ta daina, sai kallo. Ni kuma na san akwai gerona a bayan ƙofar nan, ɗaure da igiyar rama da na tufka da hannuna. Na tasa Malam a gaba, ba dare ba rana. Na ce ba na kowa nake nema ba, nawa nake nema, me za a yi da irin da mai cinsa ya mutu. Bawan Allah ya yi ta haƙuri har ya gaji, ran nan ya ɗauki hularsa ya tafi gidan Yaya. Ya dawo kansa a sunkuye. Na tambaye shi me ya ce.

"Cewa ya yi, in na buɗe maka yau, gobe wa zan hana?"

Daga ranar na daina gaida yayana. In na hango shi a bakin rami sai in juya tuluna. Washegari da safe sai ga Asabe ta yi sallama, tana jan akuyarta, ita kaɗai ta rage mata, mai ɗan nono. Ta ɗaure ta a turkenmu ta ce a riƙa tatsa wa Indo, su gidansu ba ƙaramin yaro. Na san da wannan nonon take dama ɗan abin da take sha, na kuma san tana fama da zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Na karɓa, don uwa ce ni. Amma haushin Yaya bai ragu ba ko kaɗan, sai ma na ce a raina ya hana ni nawa ya turo mini na matarsa.

Indo ta fara ɗaga kai. Asabe kuma ta kwanta.

Wata rana da azahar, Malam yana masallaci, ina tsakar gida ina tsince tsakuwa daga dusa, sai Yaya ya shigo. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ban ɗago ba. Ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba, ya kwance makulli daga igiyar wuyansa ya ajiye a cikin faifaina.

"Auta, Asabe ta daina karɓar komai, kunun gero take kira. Na san kaina, zan je wurin mijinki, shi kuma in ya ga idona zai miƙo nasa. Ke kaɗai ce a garin nan kike jin haushina yadda za ki iya hana ni. Ki riƙe. In na dawo na ce ki ba ni, kada ki ba ni."

Ya mayar da igiyar ba komai cikin rigarsa ya fita. Na zauna ina kallon makullin nan, raina yana tafasa. Mutumin nan ya san abin da ya yi. Makulli biyu yanzu suna gidana, don na Malam a ƙusa yake rataye shi in zai yi wanka, kuma ni ce wadda duk gari ya san ta fi kowa son a buɗe. Da a hannun wani ya sa shi, da na ci gaba da zagi hankalina kwance. Na cusa shi cikin kitsona na ɗaura kallabi, ban gaya wa kowa ba, har Malam. Duk sanda na yi sujada sai in ji shi yana danna mini kai.

Ba a yi mako ba ya dawo, a irin wannan lokacin. Wannan karon bai tsuguna ba, ya jingina da bango.

"Auta, ba ni abin nan."

"Yaya, kai ka ce kada in ba ka."

"Na faɗa. Yanzu kuma na ce ki ba ni. Daga nata zan ɗiba, ba na kowa ba."

Maganar nan tasa na daɗe ina ajiye da ita don in jefe shi ranar da ta kama. Ga ranar ta zo, amma da ta fito daga bakina ba daɗi ko kaɗan a cikinta, kuka nake yi. Na ce, "In na ba ka yau, gobe wa za mu hana?"

Ya daɗe a tsaye yana kallon akuyar matarsa a turke. Sannan ya ce, "To. Allah ya yi miki albarka." Ya fita yana dafa bango.

Ban iya zama ba. Na ɗauki fartanya na nufi tsohuwar masussuka, inda na san akwai gidan tururuwa, don na taɓa jin kakarmu ta ce a yunwarsu can suke samun tsaba. Na haƙa cikin ranar nan, ƙasa kamar dutse, tururuwa ta hau ni har gwiwar hannu tana cizo. Can ƙasa na tarar da ajiyarta, ƙwayoyin gero gauraye da yashi da 'ya'yan ciyawa. Na sheƙe, na tsince, abin da ya fito bai fi cikin tafin hannu ba. Na niƙa a dutse, na dama da ruwan tsamiya, na zuba nonon akuyar na ranar gaba ɗaya, na kai mata. Asabe ta shaƙi ƙamshin tun kafin in zauna. Na tallabe ta ta sha kaɗan, ta tambaye ni ina na samo gero. Na ce tururuwa na yi wa fashi. Ta yi dariya ba sauti, ta ce to in yi hankali da kwamiti.

Ta rasu kafin ruwa ya sauka, ba da nisa ba. Ko geron da ke bayan ƙofar zai tashe ta, ban sani ba, kuma na daina tambayar kaina. Yaya bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya koma ga Allah.

Ruwan da rana ya zo. Iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, yara suka fita tsirara suna buɗe baki. Da ya ɗauke, dattawa suka tona ƙasa da hannu suka ga laima ta kai inda ake so. Gari duka ya taru a gaban ɗakin nakiya, ƙafafu duk taɓo. Makaniken nan ya ɗiga wa kwaɗunan baƙin mai. Malam ya sa makullinsa ya buɗe nasa, aka juya ana kallon Yaya. Ya zaro igiya ba komai a jikinta, ya ce nasa yana wurin ƙanwarsa. Na kwance kallabi a cikin mata na zaro shi. Kallon da Malam ya yi mini ranar, da a ce ina da sauran ƙarfi da na yi dariya.

Aka fasa lakar, ƙofa ta yi ƙara ta buɗe, ƙamshin gero da toka ya bugo mu. Komai yana nan yadda aka ajiye shi, ko ɓera bai taɓa ba. Ana fitowa da shi ana ɗagawa, mai alama yana amsawa. Da aka ɗaga wani ɗan ƙaramin ƙulli ɗaure da yagen shuɗin zane, ba wanda ya amsa. Yaya ya karɓa ya miƙo mini, ya ce in shuka mata gayaunarta. Washegari tun da duku-duku maza suna gaba da sungumi suna sara, mu muna baya muna jefa iri muna rufewa da diddige, ciki ba komai amma ƙafa tana tafiya. Yunwa ba ta sake mu nan take ba, sai da tafasa da lalo suka fito, sannan aka kai ga tumu. Amma ba gida ɗaya da ya ɗaure kaya ya bar garin nan.

Yanzu masu sayen tsohon ƙarfe sun yanka injin sun loda a mota, tankin ma ya bi shi. Akwai famfo mai aiki da hasken rana, iri kuma a leda ake sayo shi a kasuwa. Ƙofar ce kaɗai ta gagare su cirewa. Yaran da ke wasa a daɓen suna sa riguna masu lamba a baya, ba wanda ya taɓa ganin an fasa dutse a cikinsu, amma ka tambayi kowanne zai gaya maka shi ɗan rami ne ko ɗan inji. Indo tana da nata 'ya'yan, kuma geron da take jiran ruwa ta shuka bana jikan na shuɗin zanen nan ne.

Juma'ar da ta biyo bayan shuka aka yi wasa. Ba wanda ya zaci Yaya zai fito, sai ga shi da sandarsa. Daɓen ya wanku da ruwa, ƙodago yana gudu. Can wajen ƙarshe ƙodagon ya samu Yaya a gefe, ya kauce wa mutum ɗaya, ya zura shi ta tsakanin ƙafafun Malam, ya shige tsakanin ganguna. Usur ya yi ƙara. Yaya ya juyo ya ɗaga kai wajen tsibin tsakuwa, yadda ya saba, kafin ya tuna. Wurin ya yi tsit. Matan 'yan rami duk suka sunkuyar da kai, ba wadda ta iya buɗe baki a gurbin Asabe.

Ni matar shugaban 'yan inji ce, a tsakiyar matan 'yan inji nake zaune. Na miƙe na kama hancina na saki guɗa, da duk abin da yunwa ta bar mini na murya, har ramin ya amsa. Yaya ya tsaya a tsakiyar fili ya rufe fuskarsa da hularsa.

Da muka koma gida na zuba wa Malam ruwan alwala ina jiran faɗa. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, bai dube ni ba ya ce, "Da kin yi shiru, da ni zan yi masa."